Codex ɗin Custodes na 2024: na saya, na karanta, har yanzu ban gama hucewa ba

Tauraro biyu na yi niyyar ba wa littafin nan, wato Codex, kundin dokoki da tarihin rundunar Custodes, tun ranar da na karɓo shi, kuma da a daren na zauna na rubuta sharhin, ɗaya ma da ƙyar zai samu. Sai na bari zuciya ta ɗan sauka, na buga wasa da shi na 'yan watanni a kulob ɗinmu na daren Alhamis, sannan na dawo. Mai neman bayanin bango da takarda da hotuna ya nemi wani sharhin. Kun san farashinsa, kun san inda ake sayarwa. Ni wani ɗan gajeren labari da ke cikinsa ne ya kawo ni, da kuma amsar da aka ba mu a kansa.

Tun 2016 da karatu ya kawo ni Ingila nake cikin wannan harka ta Warhammer 40,000, wasan yaƙi na kan teburi da ake yi da ƙananan sojojin roba, kuma ta ƙofar Custodes na shigo. Akwatin Burning of Prospero na fara saya, mai ɗauke da Custodes biyar da Sisters of Silence biyar, ban ma san yadda ake riƙe buroshi ba a lokacin. Abin da ya ja ni kuwa ba wani abu ba ne illa dogarai ne. Dogaran Sarki, masu sulken zinare da jan tuntu a ka, su dubu goma, masu gadin wanda ya shekara dubu goma a kan Karagar Zinare bai mutu ba bai rayu ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ya ga yadda dogari ke kallon mutane, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sai kuma batun sunayensu: kowace bajinta da Custodian ya yi ana ƙara masa suna, a zana a cikin sulkensa ta ciki, har sunan ya yi tsawon kirari. Wannan ya tafi da ni ƙwarai. Na sayi ɗan littafin rubutu mai baƙin bango, kowane sojan roba da na gama yi wa fenti sai na buɗe masa shafi, na rubuta gidan da ya fito, duk wasan da ya yi abin kirki a teburi in ƙara masa suna ɗaya. Akwai wanda yanzu sunansa ya kai layi huɗu. Akwai wanda tun 2019 bai ƙaru da komai ba, don kullum shi ke fara faɗuwa.

Kowane shafi da kalma ɗaya yake farawa: ɗan gidan wane. Ba ni na ƙirƙiro ba. Codex na 2018, wanda yake kan kantata yanzu haka, ya faɗa ƙarara cewa duk Custodian yana fara rayuwa ne a matsayin jariri namiji daga manyan gidajen Terra, wato duniyarmu a cikin labarin, gidajen suna miƙa 'ya'yansu suna alfahari da hakan. A kan wannan na gina komai.

To, watan Afrilun 2024 sai ga sabon littafi. Tun kafin ya iso hannuna hotunan shafukan sun cika intanet, amma na kauce musu, na ce sai na gani da idona. Na karɓo ranar Asabar, na bari yara suka yi barci, na haɗa shayi, na buɗe. Can ciki sai ga labarin wata Custodian mai suna Calladayce Taurovalia Kesh. Wata, ba wani ba. Na koma farkon layin, na ɗauka kuskuren ɗab'i ne, sai na ga har ƙarshen labarin da "ita" ake kiranta. Na ce to madalla, an kawo sabon abu, bari in nemo inda aka yi bayani. Na bi littafin shafi-shafi ina neman inda za a ce bayan dawowar Guilliman, ɗan Sarkin, an yi ƙarancin jarirai, ko Trajann Valoris, shugaban Custodes, ya sauya doka, ko an buɗe wani tsohon ɗakin ajiya a ƙarƙashin fada an tarar da wani sirri. Babu. Ko layi ɗaya babu.

Da mutane suka yi ta tambaya, sai kamfanin da ke yin wasan, Games Workshop, ya amsa a shafinsa na X da jimla guda, ma'anarta dai ita ce tun ranar da aka ƙirƙiri na farko cikin dubu goman nan akwai mata a cikinsu. Wato dama can haka abin yake.

Nan ne raina ya ɓaci, kuma ina so a fahimce ni da kyau, don an yi ta cakuɗa maganar nan har ta rasa kai da gindi. Ba a ce mini an canza ba. Ce mini aka yi ban karanta abin da na karanta ba. Na miƙe na ɗauko na 2018, na shimfiɗa su biyu a kan teburin cin abinci, kamfani ɗaya, tambari ɗaya, kuɗina ne ya sayi duka biyun, wannan yana cewa 'ya'ya maza, wancan yana cewa ai tun fil'azal ba haka ba ne. Kamar maroƙin da ya shekara shida yana jero maka asalin gidanku da kakanni bakwai, ranar wani biki ya sako na takwas a tsakiya, ka yi magana ya rantse maka cewa kullum da shi yake faɗa, kai ne kunnenka bai ji ba. Ai ko na takwas ɗin mutumin kirki ne, sai ka ji an raina maka hankali.

Uwargida ta fito shan ruwa ta tarar da ni da littattafai biyu a buɗe da ƙarfe ɗayan dare. Na fara yi mata bayani da zafi-zafi, ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "Abban yara, ba kai ka ce mini duk tatsuniya ce ba?" Na ce tatsuniya ce. Ta ce, "To Gizo ma ai ba kullum yake da mata ɗaya a bakin masu ba da labari ba." Ta kashe fitilar kicin ta tafi. Ban samu amsar ba ta ba a lokacin, amma yanzu ina da ita: mai tatsuniya ba ya sayar maka da kundi mai kauri ya ce ga yadda abin yake a rubuce.

Ranar Alhamis na isa kulob da maganar a bakina. Akwai wani dattijo Bature da muke wasa da shi, tun zamanin Rogue Trader na 1987, bugun farko na wasan, yake ciki, yana da sojojin dalma da suka girme ni. Ya bar ni na zazzage, sannan ya yi dariya ya ce na zo da latti. Ya ce shi rundunar Necron yake tarawa tun suna ƙarafa marasa magana, bayin allolin taurari da ake kira C'tan, abin tsoronsu shi ne babu wanda ya san me suke so. A 2011 aka wayi gari suna da sarakuna da dauloli da gasar mulki, har su ne ma suka farfasa C'tan ɗin suka mayar da su makamai. Babu wanda ya nemi afuwarsa. Ya ce kafin nan an shafe Squats, wata al'umma ta gajerun mutane, gaba ɗaya, aka riƙa cewa dodannin sararin samaniya da ake kira Tyranids ne suka cinye su, mutane suka shekara da shekaru suna zolayar duk wanda ya tambaya, sai ga su a 2022 da sabon suna, Leagues of Votann, wai dama suna can tsakiyar taurari suna haƙar ma'adinai. Sannan ya nuna rundunata da yatsa ya ce, su kansu waɗannan naka, a zanen farko ba su da riga ma, kuma ba sa barin fada. Da ba a canza tarihin ba, da ba ka da abin da za ka jera a teburin nan.

Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Gaskiya ce. Rundunar da nake kishin asalinta ita ma 'yar gyaran fuska ce.

Na koma gida na sake karanta labarin Kesh, wannan karon ba da niyyar kama laifi ba. Kuma wallahi labarin ya yi daɗi. Kun san Wasan Jini, al'adar da Custodian ke fita ya zama kamar maƙiyi, ya nemi hanyar kutsawa fada har gaban karaga, don a gano ɓarakar tsaro a toshe. Yawancin labaran da muka saba ji na masu ɓad-da-kama ne, da bin magudanar ruwa, da shekaru ana laɓe. Ita ko sai ta hau jirgin yaƙi ta tunkaro Terra da makamin da ake tarwatsa duniya sukutum da shi, da nufin ta cilla shi kai tsaye cikin ɗakin karaga. Ba zan faɗi yadda aka ƙare ba. Amma wannan taurin kai, wannan rashin tausayi wajen gwada tsaron ubangidanka da abin da zai iya hallaka shi, shi ne ainihin halin Custodes kamar yadda na san su. Da an sa mata sunan namiji, da an yi ta yaɗa labarin ana yabo. Kuma in za a bi ƙa'idar duniyar wasan, babu abin da ya hana. Space Marines, manyan mayaƙan daular, su ne ake yi da irin ƙwayar halittar Primarch, wato 'ya'yan Sarkin, wadda aka ce maza kaɗai take karɓa. Custodes ba haka ake yin su ba, ɗaya bayan ɗaya ake ƙera su tun daga ƙwayar jini, kowanne aikin hannu ne na musamman. Ƙofar a buɗe take tun da.

Na kuma ga irin abin da wasu suka mayar da maganar a YouTube, zagi da cin mutuncin mata masu wasan, da bidiyo goma a rana daga mutanen da na tabbata ba su taɓa manna hannun sojan roba da gam ba. An bar jaki ana dukan taiki. A kulob ɗinmu akwai mata biyu, ɗayarsu ta fi ni iya fenti nesa ba kusa ba, ita ta koya mini in bi fentin zinare na Retributor Armour da ruwan inuwa na Reikland Fleshshade maimakon baƙin ruwan da nake labtawa zinarena ya koma kamar tsohon tagulla. Kunya ta kama ni da na ga da su wa ake lissafa ni in na ce abin bai yi mini ba. A wannan makon na ce to, tauraro uku, har huɗu ma in an matsa.

Sai na fara wasa da littafin.

Tsari huɗu kacal aka ba mu na jera runduna: Shield Host, Talons of the Emperor, Null Maiden Vigil da Auric Champions. A lokaci guda aka fitar da na Orks, nasu ya fi namu yawa. Amma abin da ya fi ƙona mini rai, kariyar da muke da ita a takardun kyauta na farkon bugu na goma na wasan, wadda in aka yi maka raunin da sulke ba ya tarewa kake jefa dayis, huɗu zuwa sama ka tsira, an cire ta daga Shield Host. Wato na biya kuɗi na sayi littafin da ya rage wa rundunata ƙarfi a kan abin da aka ba ni kyauta a 2023. Wasana na farko da rundunar bokaye ta Thousand Sons ne, maki 2000, kuma wanda ya san tarihin Prospero, duniyarsu da Custodes suka yaƙe su a cikinta, ya san ba wasan da nake so in faɗi ba ne. Kafin zagaye na uku ya ƙare bokayensa sun narkar mini da rukuni biyu. Runduna ce da dukanta ba ta wuce mutum ashirin da 'yan kai ba, kowane ɗaya da ya faɗi sai ka ji a ƙirjinka. Mai layi huɗun nan ma bai kai ga ɗaga mashinsa ba. Na san an yi gyare-gyare daga baya, amma a takardar saukewa ta intanet aka yi su, wanda ke nufin littafin da ke hannuna ya fara tsufa tun ƙamshin sabunta bai bar shi ba.

Ina tattara sojojina cikin akwati a daren nan sai tsohon miki ya tashi. Ba wannan ne karo na farko da aka yi mini haka ba, mantawa na yi. A 2017, bayan faɗuwar duniyar Cadia da tashin Guilliman, an ce mana Yaƙin Indomitus ya ɗauki kusan shekara ɗari. A kan haka na rubuta tarihin rundunata, na raba yaƙe-yaƙensu cikin ƙarnin nan, har na kashe kyaftin ɗina na farko a shekara ta sittin na naɗa wani. A 2021 aka sake buga littafin labarin da ya kafa wannan lissafi, shekara ɗari ta koma sha biyu. Na zauna da biro ina soke shekaru a littafina kamar mai gyaran takardar haihuwa. A lokacin na haɗiye, na ce sau ɗaya ne.

Kuma da na sake auna maganar dattijon nan, sai na ga da sauran rina a kaba. Eh, an sha canzawa, amma ba iri ɗaya ba ne. Da aka kawo Primaris, sabon nau'in Space Marines, a 2017, an ba da labari: Belisarius Cawl ya shekara dubu goma yana aikinsu a ɓoye a duniyar Mars bisa umarnin Guilliman. Mutane sun yi ta dariya, wa zai ɓoye runduna guda shekara dubu goma, amma dai labari ne, kana iya jayayya da shi, kana iya ƙinsa, kana iya gina naka a kai. Da aka fito da Custodes daga fada, an ba da dalili: aljanun Khorne, allahn yaƙi, sun kai hari har Ƙofar Zaki ta fadar, aka ga zaman gadi kaɗai ba zai fisshe su ba. Da Lion El'Jonson, ɗan'uwan Guilliman, ya farka a 2023, littattafai aka yi a kai. Kamfanin ya iya wannan aiki in ya ga dama, yana da marubuta, yana da sashen wallafa littattafai nasa na kansa a Nottingham. A nan ne kawai aka ga ba mu cancanci ko sakin layi ɗaya ba. Abin da zai ɗauki rabin shafi: a ce masu rubuta tarihin daular sun ɗauka duk maza ne don ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu a ƙarƙashin kwalkwali, kuma Custodes ba su damu su gyara musu ba. Shi ke nan. Duniyar da aka gina ta a kan cewa rabin abin da ke cikin kundin gwamnati ƙarya ne ko kuskure, wannan bayanin ai a ƙasa yake, tsinta kawai za a yi. Ni da ba marubuci ba na tsince shi a cikin bas.

Sannan in mata ake so a ɗaga, ga Sisters of Silence nan a cikin littafin, mata zalla, masu alwashin shiru da ke magana da hannu, waɗanda kasancewarsu kaɗai ke kashe sihirin boka. Tun akwatin 2016 ɗin nan da na fara da shi, kusan da shi suke ta maneji: akwati ɗaya ake haɗa Prosecutors da Vigilators da Witchseekers, bambancin makami ne kawai. An ba su tsarinsu na Null Maiden Vigil, na yarda, amma da me za a cika shi? Sabon sojan da ya zo tare da littafin Shield-Captain ne guda ɗaya. Ko Kesh ɗin da aka tayar da ƙura a kanta ba a yi mata nata ba. An jefa ta cikin shafi biyu, an bar ta da masu zagi, an bar mu da faɗa da juna.

Hotunan suna da kyau, ban musa ba. Lambar da ke bayan littafin, ta buɗe dokokinsa a manhajar wasan, ta yi aiki. Sauran kuwa yawanci abin da na riga na sani ne, an taƙaita shi. Na 2018 ya fi shi nama a ɓangaren tarihi, kuma wannan ma wani abin haushi ne da ban so in buɗe ba, don in na fara ba zan gama yau ba.

Don haka na dawo kan biyu. Ɗaya na Kesh ne, don ta ci shi da guminta. Ɗaya na masu zane. Wanda ke wasa da Custodes zai saya ko na ce kada ya saya, don ba shi da wata hanyar samun dokokin a manhaja, ni ma abin da ya sa na saya ke nan. Amma in kana da na 2018, kada ka sayar, kada ka bayar aro.

Sabon Shield-Captain ɗin na saye shi, kada ku tambaye ni dalili. Na gama fentinsa makon jiya, zinaren ya fito yadda nake so a karon farko, na sa masa kwalkwali. Na buɗe masa shafi a baƙin littafina, na ɗora biro a inda nake rubuta "ɗan gidan", na daɗe a haka, sai na tsallake layin na fara daga na biyu. Ranar Alhamis zai fita wasansa na farko, da Thousand Sons ɗin nan dai.